Taimako: yadda za a mayar da kalmomin man zaitun daga Italiyanci zuwa Turanci

Yar_Zazzau_Bari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu jin Italiyanci da waɗanda suka san harkar man zaitun, ina neman gudummawarku. Wani ƙaramin gidan matsar mai da ke kusa da garin Corato, nan yankin Puglia, ya ba ni aikin mayar da ɗan littafin tallarsu da rubutun jikin kwalba zuwa Turanci, domin suna son fara kai kaya Ingila da Amurka. Tarihin iyali da na gona bai ba ni wuya ba. Kalmomin sana'ar ne suka tsayar da ni.

Sun ce man nasu amaro ne kuma piccante. Ƙamus ya ba ni spicy, alhali babu ko ƙwayar barkono a ciki. Wani man kuma suka kira shi dolce, shi ma babu sukari. Akwai riscaldo a jerin aibobin da suka ce babu su a mansu. Sannan sun rubuta estratto a freddo, amma mai gidan ya nace in sa cold pressed, wai shi Turawa suka sani. Sai kalmar frantoio, wani wuri da ƙaramin harafi, wani wuri da babba. Mutanen kirki ne, ba na son in yi aikin da zai sa a tsare musu kaya ko a ɓata musu suna.

Baban_Sadiq_Perugia:
Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki frantoio, tunda a irin wannan gidan nake aiki duk kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Da ƙaramin harafi, wurin matsar man ne, wato olive mill. Da babban harafi kuwa sunan wani irin zaitun ne na Toscana, mu ma nan Umbria ana shuka shi tare da Moraiolo da Leccino. Wannan ba a taɓa shi, yadda yake za ki bar shi. Haka Coratina, irin zaitun ɗinku na Puglia, wanda daga Corato ɗin ya samo suna.

Riscaldo kuma, kada ki kuskura ki sa heated. Ba wuta aka sa wa man ba. Idan aka tara zaitun a buhu ko aka jibge shi ya kwana biyu ba a niƙa ba, sai ya ɗauki zafi da kansa ya fara tsima a ciki inda iska ba ta shiga. Wannan warin shi ke bin man. Shi ya sa yanzu a akwatuna masu huda ake kawo shi, kuma mai son mai na ƙwarai ba ya bari ya wuce awa 24 tsakanin tsinka da niƙa. Turancinsa fusty.

Dr_Abinci:
Baban Sadiq ya faɗi daidai. Zan ƙara cewa heated or burnt wani aibi ne daban, Italiyawa suna ce masa cotto o stracotto, shi ne wanda ake samu in an zafafa markaɗen fiye da kima. In kika sa heated a gurbin riscaldo, kin haɗa aibi biyu wuri guda.

Malama, babban abin da nake so ki riƙe shi ne, yawancin kalmomin nan ba na adabi ba ne, na doka ne. Akwai Majalisar Zaitun ta Duniya da ke Madrid, wadda aka kafa a 1959, ita ta tsara hanyar ɗanɗana mai da sunan kowace siffa. Tarayyar Turai ta ɗauki tsarin ta sa a dokarta. Da can doka mai lamba 2568/91 da mai lamba 29/2012 ake bi, yanzu 2022/2104 da 2022/2105 sun maye gurbinsu. Ana buga dokokin nan a duk harsunan Tarayyar, don haka ki buɗe na Italiyanci da na Turanci gefe da gefe, rabin aikinki ya ƙare. Fruttato shi ne fruity, amaro bitter, piccante pungent, dolce mild, equilibrato well balanced. Aibobin kuma: morchia muddy sediment, kuma a takardar masu ɗanɗano layi ɗaya suke da riscaldo, muffa musty, avvinato-inacetito winey-vinegary, rancido rancid.

Dolce ma ba yabo ba ne kawai. Sai kwamitin masu ɗanɗano, mutum 8 zuwa 12, sun ba ɗaci da yajin man maki 2 ko ƙasa da haka a ma'auni mai maki 10 sannan a kira shi da wannan suna a jikin kwalba.

Hajiya_Landan:
Dakta, ban musa maka doka ba, amma pungent ɗin nan ba ta kwanta min ba. Shekaru ina sayar da kayan abinci a nan, na san abin da mai saye ke ji. Baturen Ingila in ya ga pungent, hancinsa yake tunani, abu mai tsananin wari kamar tafarnuwa ko cukun da ya daɗe. Ba zai ɗauki kwalbar ba. Duk man kirkin da ke kan kanta a nan peppery ake rubuta masa. Ke Yar Zazzau, aikinki ki sa a fahimta, kuma mutanen nan sayarwa suke son yi.

Dr_Abinci:
Hajiya, ai wuri biyu ne. A littafin talla da shafin intanet, inda ake ba da labari, ta rubuta peppery finish, babu wanda zai hana ta. Amma inda ake kawo sakamakon kwamitin ɗanɗano, ko takardar bayanin kaya da za a aika wa dillali, dole pungent, domin ita ce kalmar da ke da maki a bayanta.

Hajiya_Landan:
To jikin kwalba fa? Nan ne mai saye ke dubawa, ba takardar dillali ba.

Dr_Abinci:
Nan ne wurin taka-tsantsan. Doka ta ce siffofin ɗanɗanon da ta lissafa ba a sa su a kwalba sai da shaidar kwamiti. Ni dai shawarata, ta tambayi wanda zai shigo da kayan, tunda shi ke da alhaki a can.

Kawu_Tanko:
Ikon Allah. Ni da na ɗauka man zaitun man zaitun ne. Ashe har ɗaci ake yabo?

Baban_Sadiq_Perugia:
Kawu, ƙwarai kuwa. Sabon mai na zaitun ɗanye yana da ɗaci, yana kuma kartar maƙogwaro har mutum ya yi tari. Nan in mai bai yi haka ba, tsofaffin manoma cewa suke ya gaji. Coratina ɗin da Malama ke magana a kai yana cikin waɗanda suka fi kowane ɗaci a Italiya. Taggiasca na Liguria kuma shi ne mai laushi, irin wanda za a ce wa dolce.

Ummu_Khalil_Houston:
Tunda har da Amurka a lissafin, ga abin da zan ja kunnenki a kai. Idan kika ci karo da fruttato leggero, kada ki rubuta light. A nan light olive oil sunan man da aka tace a masana'anta ne, aka cire masa ƙamshi da launi, shi ne mai arha na suya. Wasu ma suna saye da zaton ba ya sa ƙiba, alhali mai mai ne. Haka pure olive oil, sunan yana da daɗin ji, amma haɗin tataccen mai ne da ɗan virgin, wato man da aka fitar da inji kaɗai ba a tace shi a masana'anta ba. In kika sa light ko pure a man da aka yi wahala a kansa, kin sauke shi daga bene zuwa ƙasa. Delicate ake cewa, medio medium, intenso kuma robust.

Amurka ba ta cikin majalisar Madrid ɗin da Dakta ya ambata. Ma'aikatar noma ta fitar da nata ma'auni a 2010, amma na ganin dama ne. Jihar Kalifoniya ce ta yi nata mai tsauri a 2014 ga manyan masu matsar mai na jihar, inda extra virgin, ajin man da ya fi daraja, ba zai wuce 0.5 cikin 100 na asid ba, maimakon 0.8 na Turai.

Yar_Zazzau_Bari:
Allah Ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Leggero yana nan a bayanin mansu na biyu, delicate zan sa. Saura maganar cold pressed, don jiya ma mai gidan ya sake kira na a kai.

Baban_Sadiq_Perugia:
Tambaye shi abu ɗaya: da wane inji yake aiki? In yana da molazze, manyan duwatsun niƙa, yana shimfiɗa markaɗen a kan fiscoli, faifan nan masu zagaye, ana jera su a danne da matsi, to shi ne mai spremitura, pressing ta gaske. In kuwa decanter gare shi, injin da ke juyawa da gudu ya raba mai da ruwa da tuƙa, babu abin da aka danne, estrazione ce. Yau kusan kowa decanter yake amfani da shi, kuma gaskiya man ya fi tsabta, don fiscoli in ba a wanke su sosai ba suna riƙe tsohon mai su ba sabo wari.

Dr_Abinci:
Dokar ma haka ta raba su. Prima spremitura a freddo, first cold pressing, sai man da aka samu ƙasa da digiri 27 a ma'aunin Celsius ta hanyar matsin gargajiya. Estratto a freddo, cold extraction, shi ma ƙasa da digiri 27, amma ta injin juyi ko tsiyaya. Wanda ya rubuta estratto a Italiyanci ya san abin da ya sa bai rubuta spremuto ba. Bai kamata Turancin ya faɗi abin da asalin ya ƙi faɗa ba. Ingila ma ta riƙe waɗannan ƙa'idoji bayan fitarta daga Tarayyar.

Ummu_Khalil_Houston:
A nan kam kusan kowace kwalba first cold pressed take cewa, ko da wane inji aka yi. Na fahimci mai gidan, yana ganin kowa na yi.

Yar_Zazzau_Bari:
Decanter gare shi, na gani da idona. Ba zan sa pressed ba. Zan nuna masa dokar da Italiyanci ya karanta da kansa.

MaiShago_Sabongari:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, ko da ta ɗan kauce. Ina sayar da man zaitun a Kano, mutane na saye don tofi da shafawa da sha. Akwai wanda ke zuwa a gwangwani mai arha, an rubuta pomace olive oil, wani ma an rubuta olio di sansa a ƙasa. Masu saye suna tambayata bambancinsa da extra virgin, ni kuma ina so in ba su amsa ta gaskiya. Mene ne shi?

Baban_Sadiq_Perugia:
Alhaji, ka san yadda mata ke yin man gyaɗa a gida: a markaɗa, a yi ta tuƙawa har mai ya taso, a matse, abin da ya rage shi ne tunkuza. To tuƙawar nan ita ce gramolatura a wurinmu, Turawa su ce malaxation, ana juya markaɗen a hankali kamar rabin awa don ƙananan ɗigon mai su haɗu. Tunkuzar kuma ita ce sansa: fata da tsoka da fasasshen ƙwallo. Akwai sauran mai kaɗan a ciki da inji ba ya iya fitarwa. Motoci ke zuwa su kwashe ta zuwa wata masana'anta daban, sansificio, a busar, a fitar da man da sinadari, a tace, sannan a zuba masa ɗan virgin don ya samu ɗanɗano.

Dr_Abinci:
Sinadarin hexane ne galibi, irin wanda ake fitar da man waken suya da shi. Halas ne a sayar, ana ci, yana jure wutar suya. Amma ba tatsar 'ya'yan itace kai tsaye ba ce, kuma yawancin abubuwan da ake nema a man zaitun don lafiya sun tafi wajen tacewa. Doka ta hana a kira shi olive oil kawai. Alhaji, lura da jerin kalmomin ma: sunan da doka ta sani olive-pomace oil ne. Extra virgin na Turai kuma za ka ga an rubuta masa jimlar da ke cewa an same shi kai tsaye daga zaitun kuma ta hanyar inji kaɗai.

MaiShago_Sabongari:
Na gode ƙwarai. Daga yau mai neman na sha zan gaya masa wannan kafin ya biya.

Almajirin_Azhar:
Alhaji ya kyauta da ya tambaya, don amana ce. A kwalaben da ke zuwa daga Tunisiya da Siriya da Falasɗinu za ku ga bikr mumtaz, shi ne extra virgin. Bikr a nan na nufin wanda ba a taɓa shi da komai ba. Ina da tambaya ni ma: na ga kalmar lampante a wani rubutu, aka bar ta haka a Turanci. Tana da alaƙa da fitila? Abin da ya sa na tambaya, a Suratun Nur aya ta 35 Allah Ya ambaci fitilar da ake kunnawa daga itaciya mai albarka ta zaitun.

Abu_Maryam_Yamai:
Tana da ita, Malam. Man da bai kai a ci ba, da shi mutanen da suke kunna fitila, sunan ya bi shi har yau. Turanci da Faransanci duk lampante suke cewa, ba a fassara shi zuwa lamp oil. Shi ne virgin ɗin da asid ɗinsa ya wuce 3.3 cikin 100, ba a sayar wa mai ci sai an tace.

Dr_Abinci:
Abu Maryam, 3.3 na ma'aunin majalisar Madrid ne, don su suna da wani aji a tsakani, ordinary virgin. A Tarayyar Turai babu wannan ajin: extra virgin zuwa 0.8, virgin zuwa 2, abin da ya haura 2 lampante ne. Ko asid bai haura ba, in masu ɗanɗano suka ba aibinsa maki fiye da 3.5, nan ma ya faɗa lampante. Tunda man Italiya ake magana, na Turai za ta bi.

Abu_Maryam_Yamai:
Madalla, ga amfanin zaure. Abin da na zo faɗa dama, Malama, in Turanci ya rikice miki, leƙa Faransanci, wani lokaci ya fi kusa da Italiyanci. Sansa grignons ce, riscaldo chômé, piccante piquant, dolce doux. DOP, alamar sunan yankin da doka ta kare, a wurinmu AOP, a Turanci PDO. IGP kuma, wata alamar yankin mai sauƙin sharuɗɗa, PGI. Amma sunan da aka yi wa rajista ba a juya shi. Terra di Bari ya zauna Terra di Bari, kada ya koma Land of Bari.

Yar_Zazzau_Bari:
Kamar ka san shi ne a kwalbarsu ta farko, Terra di Bari DOP, da ƙarin Castel del Monte. Na bar shi yadda yake, na ƙara gajeren bayani a littafin cewa sunan yanki ne mai kariyar doka.

Kawu_Tanko:
To ku malaman fassara, duk kun mayar wa Bature. In ni zan yi wa iyalina bayani, piccante ɗin nan me zan ce da Hausa?

Hajiya_Landan:
Kawu, ni maƙaƙi zan ce. A maƙogwaro ake jin sa, ba a harshe ba.

Gimbiya_Katsina:
Hajiya, maƙaƙi a wurinmu ai aibi ne. In aka ce mai yana maƙaƙi, tsufa ya yi, uwar gida ba za ta sa a miya ba. In kika gaya wa Bahaushiya man nan mai tsada yana da maƙaƙi, kin kore ta. Gara a ce yaji-yaji a maƙoshi.

Hajiya_Landan:
Kin ga abin da nake faɗa wa Dakta ke nan a kan pungent. Kalma tana iya zama daidai a takarda ta kori mai saye.

Dr_Abinci:
Na yarda da ke a nan, Hajiya, sai dai mai saye ma ana koya masa. Kartar nan tana da dalili. Wani sinadari ne da ake kira oleocanthal. Wani masani, Gary Beauchamp na cibiyar Monell da ke Philadelphia, ya ɗanɗani sabon mai a Sicilia ya ji yana kartar maƙogwaro irin yadda ruwan maganin ibuprofen ke yi, shi da abokan aikinsa suka bincika suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2005. Wannan ba ya nufin man ya zama magani, kada a ɗauke ni haka. Amma alama ce ta sabon mai mai ƙarfi, tana raguwa in ya tsufa. Na lalataccen mai dabam ne, yana zuwa da warin tsohon kitse da maiƙo mai liƙe baki. Wanda ya ɗanɗana su a jere sau ɗaya ba zai sake haɗa su ba.

Baban_Sadiq_Perugia:
Malama, wani abu da ba ki tambaya ba amma na tabbata yana cikin littafin: quintale. Manoman nan komai da shi suke lissafi, kilo 100 ne. Ƙamus zai ce miki hundredweight, kada ki bi shi, na Ingila kusan kilo 51 ne, na Amurka kusan 45. Mayar da shi kilo kawai. Resa kuma yield, yawan man da ke fita daga kilo 100 na zaitun. Wanda ya tsinka da wuri, lokacin invaiatura da 'ya'yan ke fara juyawa daga kore zuwa baƙi-baƙi, man da zai samu kaɗan ne amma ya fi ƙamshi, shi ya sa suke alfahari da ƙaramar resa. In ba ki bayyana ba, mai karatu zai zaci kuka suke yi.

Yar_Zazzau_Bari:
Yana ciki har wuri uku, na mayar kilo. Invaiatura na ga masu inabi suna cewa veraison, na sa shi tare da bayani a jimla. Na kuma canza waƙafin lambobi zuwa ɗigo, don sun rubuta acidità 0,2. Shin in bar acidity haka? Ina tsoron a zaci tsami ne.

Dr_Abinci:
Za a zata kuwa, alhali harshe ba ya jin sa sam, a ɗakin gwaji ake auna shi. A littafin rubuta free acidity ki ƙara cewa awo ne na lafiyar 'ya'yan da saurin niƙa su. A kwalba kuma doka ba ta yarda a sa shi shi kaɗai ba, sai tare da awon peroxide da na kakin mai da na hasken ultraviolet, da harafi mai girma ɗaya. Duba ko sun sa sauran.

Gimbiya_Katsina:
Ni abin da ke damuna a matsayin mai saye shi ne packed in Italy da tutar Italiya, sai ka juya baya ka ga ƙananan haruffa.

Abu_Maryam_Yamai:
Shi ya sa tun 2009 Turai ta wajabta faɗin asali ga virgin da extra virgin. Miscela di oli di oliva originari dell'Unione Europea na nufin haɗin mai daga ƙasashen Tarayyar, sau da yawa Sifaniya da Girka, a Italiya aka ɗura kawai. Italiya ba ta samar da abin da zai ishe ta ci da fitarwa, Sifaniya ce ta fi kowa a duniya. Imbottigliato bottled ne, prodotto produced ne, mai fassara kada ya musanya su.

Yar_Zazzau_Bari:
Ga inda nake. Mai gidan ya karanta dokar, ya yarda da cold extracted a kwalba. Awon asid sun sa sauran ukun, babu matsala. A takardar dillali na sa bitter da pungent da makinsu. A littafin talla na rubuta peppery, na ƙara jimla ɗaya da ke cewa ɗaci da kartar maƙogwaro alamar sabon Coratina ne. Bayan kwalba ne har yanzu ban yanke ba, na aika wa dillalin Ingila tambaya. Sai kuma olio novello: new oil ko new harvest?

Hajiya_Landan:
New season ake gani a nan, ko a bar novello ɗin da bayani a gefe. Amma bayan kwalba ina nan a kan peppery.

Ummu_Khalil_Houston:
Mu nan olio nuovo suke rubutawa, haka da Italiyanci, masu saye sun saba da shi. Ki tabbata sun sa shekarar girbi, campagna olearia, harvest year, don masu sanin mai a nan ita suke fara nema kafin best before.

Baban_Sadiq_Perugia:
Nuovo na Toscana da nan wajenmu ne, novello an fi ji a kudu. Tambaye su ko an tace shi da matata. In non filtrato ne, unfiltered za ki sa, ki kuma rubuta a sha shi cikin 'yan watanni, don ɗigon ruwa da gutsattsarin da ke ciki suna kwantawa a gindin kwalba su koma morchia ɗin da Dakta ya lissafa. Wasu a Liguria suna ce masa mosto, in kin gamu da shi kada ki sa must, na inabi ne.